Ranar da Jitar Lawali Ta Je Gaban Alƙali

Shekara ashirin ke nan, a wannan kakar da muke ciki, da muka kai Lawali makwancinsa a Ƙaura Namoda. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan. Ɗan goggona ne, wato taubashina, shi ɗan mace ni ɗan namiji, saboda haka tun muna yara aikina in tsokane shi, nasa kuma ya rama. Ina kiransa bawana, yana kirana malamin ciyawa, don ni malamin gona ne har na yi ritaya. Yawancin masu karanta wannan shafi ba su taɓa jin sunansa ba, kuma ba laifinsu ba ne. Makanikin tarakta ne. Sai dai a iya sanina shi kaɗai ne a duk ƙasar Zamfara ya taɓa kaɗa irin kiɗan nan da Turawa ke kira hebi metal, wai kiɗan ƙarfe mai nauyi, kuma har yau da na tsufa ban gama gane abin da ya ji a cikinsa ba. Ina dai ta tambayar kaina.

Mahaifinsa ma'aikacin reluwe ne, a can bakin tasha inda layin dogo ya ƙare, kuma a nan Lawali ya tashi cikin mai da ƙarafa. Zamanin muna ƙarƙashin Sakkwato aka zaɓe shi cikin samarin da aka tura wata ƙasa a gabashin Turai su koyo gyaran injinan noma. Shi ya ba ni labarin yadda abin ya same shi. Wani abokin aikinsa a masana'antar tarakta ya ja shi zuwa wani zaure a ƙarƙashin bene, ya ce zo ka ji. Da aka fara, Lawali ya ɗauka wani inji ne ya ƙwace, har ya juya yana neman ƙofa. Kafin ya kai ƙofar sai ya lura abin ba a kunne yake jinsa ba, a ƙashin ƙirji yake ji. Ya tsaya. Ya ce mini tun daga ranar bai sake zama daidai ba.

Ya dawo da takardar shaida, da wata baƙar jita mai aiki da lantarki, da akwatin da ke ƙara mata murya. Ranar da ya fara kaɗa mana ita a tsakar gidan Goggo, bayan la'asar, mun zauna a tabarma muna jiran wani abu mai kama da garaya ko molo. Ya murɗa wani maɓalli, ya sauke hannu a kan tsirkiyoyin. Awakin Goggo suka tsinke igiya. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana salati. Da ya tsaya, Goggo ta dube shi da tausayi sosai, ta ce, "Lawali, ita wagga aba, ciwo gare ta? In lalacewa tay yi bisa hanya, ai kai makanike na, gyara ta."

Ya ce, "Inna, hakanan take."

Ta ce, "To Allah ba ta lahiya."

Bari in gwada kwatanta shi ga wanda bai taɓa ji ba. Da gangan ake sa muryar jitar ta tsage, kamar lasifikar da ta fashe. Akwai wani gurnani na ƙasa da ake maimaitawa da sauri, kamar mata da yawa suna lugude a turmi ɗaya, sai kuma can a samansa wata siririyar murya ta tashi tana kuka, ta hau, ta hau, har ka ji haƙoranka. Lawali ba ya waƙa a kai, ba ya yi wa kowa kirari, ba ya roƙo. Na sha tambayarsa, to a kan me ake magana? Amsar da ya fi ba ni ita ce, "Hushi na, malamin ciyawa, amma hushin da anka sa ma linzami." Na ce fushin me, kai da ko kaza ba ka iya yankawa sai ka kira maƙwabci? Sai ya yi dariya ya ce shi ya sa.

Kada a ɗauka wani ɗan iska nake ba da labari. Mutum ne mai sallah cikin jam'i, ko taba ba ya sha. Ya so ya tara gashi irin na mutanensa na can, sanƙo ya riga shi. Matarsa ɗaya, Balkisu, da 'ya'ya mata. Yana aiki a garejin taraktocin noma da ke Ƙaura, in an tashi ya ja ƙofar garejin ya jona jitarsa a batir, ya yi abinsa shi kaɗai. Shekaru ya yi a haka ba mai sauraro, in ban da mai gadi, wanda ya koyi toshe kunne da auduga.

Sa'arsa ta zo ne ta hannun wani makaɗin 'yan dambe, Audu Kalangu, da ya kawo injin ban-ruwa gyara ya tarar da shi yana yi. Audu bai toshe kunne ba. Ya tsaya yana kaɗa kai, sannan ya ce, "Kai, wanga ai kiɗin maza na. Wa koya ma?" Washegari ya dawo da kalangunsa. Lawali ya daɗe yana gaya mini cewa a duk kaɗe-kaɗenmu na dambe ya fi kusa da nasa, ina ɗauka neman dangi yake yi, sai da na ji su tare na yarda akwai ƙamshin gaskiya. Daidai lokacin aka ba mu sabuwar jiha, gari ya cika da murna, kowace ƙaramar hukuma tana shirya wasa. Audu ya fara tafiya da shi filayen dambe. Na bi su Shinkafi wata ranar kasuwa. Da farko mutane suka ja baya suna dariya, har sai da wani ɗan dambe, ƙato, ya fito tsakiyar fili yana tsuma, ya ɗaga hannunsa da aka naɗe da zare ya nuna Lawali, ya ce a ƙara. Ranar na ga taubashina ya rufe ido yana murɗa tsirkiya, zufa na zuba daga sanƙonsa, na ga mutumin da ban sani ba. 'Yan shekarun nan su ne kaɗai ya yi yana da masu saurare.

Sai Shari'a ta zo. Mutanen da ba su zauna nan ba suna son a ba su labarin a sauƙaƙe, mai kiɗa a gefe ɗaya, malamai a gefe ɗaya. Ba haka aka yi ba. Lawali yana cikin waɗanda suka cika motoci zuwa Gusau ranar ƙaddamarwa, ya dawo muryarsa a dishe saboda kabbara. Ya ga zalunci a rayuwarsa, yana fatan a samu gyara, kamar kowa. Amma bayan haka tarukan kiɗa suka yi sanyi, filayen wasa suka yi shiru na wani lokaci, Audu ya ɗauki kalangunsa ya haye Maraɗi. Ba wanda ya zo gidan Lawali ya hana shi komai. Shi da kansa ya je ya tambayi malamai biyu da yake girmamawa. Ɗaya ya ce kayan tsirkiya a bar su, ɗaya ya ce akwai saɓani amma barin ya fi kwanciyar rai. Ya dawo gida ya naɗe jitar a tsohon zanen Balkisu, ya ɗora a kan kabad.

Bai yi ƙorafi ba. Balkisu ce ta yi, wata rana da na je gaishe su. Ta ce, "Malam, ɗan'uwanka ya bar abin ga, amma yatsunai ba su bari ba. Bisa tabarma, bisa bakin kwano, bisa gwiwatai. Kuma ya koma ba ya magana. Ni da nike addu'a in huta da ƙara, yanzu shirun ya hi damuna." Na dube shi, ya rame, ya zama mai saurin fushi da 'yan mata a kan abin da bai kai ya kawo ba.

A wannan halin ake, ina aiki a yankin Zurmi, sai jan-baki suka sauko mana a fadamar Gurbin Bore. Wanda bai taɓa ganin waɗannan tsuntsaye ba ba zai gane ba. Ƙanana ne, ba su kai tafin hannu ba, amma in suka taso kamar hadari suke, kuma in suka sauka a kan dawa ko shinkafa da ta fara ƙosawa, kafin ka je gida ka dawo sai kara. Mun kai rahoto, ana ta jiran jirgin feshi. Manoma suka tare a gonaki da gwangwanaye da majaujawa, suna ihu tun sanyin safiya har muryoyi suka mutu. Tsuntsayen suka saba. Har a kan igiyar da aka rataya gwangwanayen suke sauka.

Da wasa na faɗa masa. Na ce, bawana, ga aikin da aka halicce ka dominsa, abin da ya kori awakin Goggo ba zai bar tsuntsu ba. Na zaci zai zage ni. Sai ya ce, "Dawar mutane ta?" Na ce abincin shekara ne. Ya ce in samo mota.

Muka ɗora batir biyu na tarakta da manyan lasifikoki irin na masu tallan magani, muka kafa su a kan rumfar gadi a tsakiyar fadama. Rana ta ɗan ɗaga, garken farko ya taso daga kurmin bakin gulbi, ya karkato kanmu. Lawali ya cire zanen, ya ɗaure tsirkiyoyin da suka saki, ya yi bisimilla a hankali, ya sauke hannu. Wallahi na ga garken nan ya tsage biyu a sama kamar an sa masa wuƙa. Suka yi sama, suka kewaya, suka dawo, ya canja salo ya tarye su da wannan siririn kukan. Abin da na lura da shi a matsayina na malamin gona shi ne, gwangwani muryarsa ɗaya, tsuntsu yana gane shi ya raina shi, amma shi Lawali ba ya tsayawa wuri guda. Manoma suka saki gwangwanaye suka tsaya baki buɗe. Wani tsoho ya ce, "La'ilaha illallahu, ashe akwai abin da ya hi su rashin kunya."

Kwanaki muka yi a haka, safe da yamma. Ana kawo masa fura da nono daga rugar da ke kusa, kowa yana jan hannunsa zuwa gefen gonarsa. Ya yi baƙi, ya yi ƙiba, yana dariya. Akwai wani salo da ya fi yawan komawa gare shi in garke ya wuce yana jiran wani, mai tafiya a hankali, yana sauka ƙasa-ƙasa sannan ya tashi. Wannan ba ya korar komai. Don kansa yake yi.

Abin da ban lissafa ba, ni da ake kira masani, shi ne tsuntsun da ka kora ba mutuwa ya yi ba. Gaba yake yi. Gaba kuwa akwai gonar Alhaji Nomau, a ƙarshen fadamar inda ƙarar ba ta kaiwa, kuma can suka tare. Ya yi asarar da duk wanda ya gani sai ya tausaya masa. Cikin zafin rai ya je wurin 'yan agajin da ke sa ido kan aiki da Shari'a, ya ce ana kiɗa a fadama, maza sun taru, matan da ke kawo abinci suna tsayawa kallo. Ba ƙarya ya yi ba. Suka zo da ladabi, suka yi sallama, suka ɗauki jitar da akwatinta, aka ce mu bayyana gaban alƙali a Zurmi.

A hanya na yi ta yi masa huɗuba. Na ce in an tambaye ka, ka ce kayan korar tsuntsu ne, kamar gwangwani, kamar majaujawa. Ni zan tsaya maka a matsayin ma'aikacin gona. Ba mu san abin da zai biyo baya ba, don lokacin komai sabo ne, kowa yana tsoron a fara da shi. Ana iya fasa jitar, ana iya yi masa bulala a gaban jama'a, maganar tana iya kaiwa wurin aikinsa. Ya ce ya ji.

Alƙalin dattijo ne siriri, mai farin gemu, mai yawan shiru kafin ya yi magana. Ya saurari Alhaji Nomau har ya gama, ya saurari shugaban 'yan agaji, ya saurare ni. Sannan ya sa aka kwance zanen. Ya daɗe yana kallon jitar, har ya sa yatsa ya taɓa tsirkiya ɗaya, ta yi 'yar ƙara kamar sauro. Ya ce shi bai iya hukunci kan abin da bai ji ba, a jona ta. Aka shigo da batir cikin kotu, mutanen da ke waje suka cika tagogi.

Lawali ya dube ni, na yi masa alama da ido ya yi mai muni, ya yi gajere. Bai yi haka ba. Ya gyara tsayuwa ya yi iyakar abin da ya iya, kamar yana gaban waɗancan mutanen nasa na Turai. Kwanon rufin kotun ya ɗauki rawa. Magatakarda ya dafe takardunsa. A tsakiya ya sauko cikin wannan salon nasa mai tafiya a hankali, sannan ya sake hawa ya rufe da tsawa. Da ya tsaya, sai da aka ɗan jima kafin kunnuwa su dawo.

Alƙali ya ce, "Malam Lawali, kai mi kac ce wanga abu?"

Lawali bai dube ni ba. Ya ce, "Allah gafarta Malam, kiɗi na. Ban iya ce maka wani abu."

Na ji kamar in nutse. Alƙali ya gyaɗa kai, ya juya ga mai ƙara. "Alhaji, tsakaninka da Allah, ka ji daɗinai?"

Alhaji Nomau ya ce, "Daɗi? Allah gafarta Malam, injin niƙa ya hi shi."

"Ka ga wanda yat taka rawa?"

"Wa ka iya rawa da wanga?"

Ya tambayi shugaban 'yan agaji ko ya ji waƙar batsa, ko ya ga abin ya shagaltar da wani daga sallah. Ya ce a'a, hasali ma mai jitar ne ke fara ajiyewa in lokaci ya yi. Ya tambayi mutanen taga ko akwai wanda zai shaida cewa abin da ya ji yanzu kiɗa ne. Aka fashe da dariya, ba wanda ya ɗaga hannu. Sai dattijon ya ce, to, ga mutum guda yana da'awar kiɗa yake yi, ga jama'a cike da kotu har da mai ƙara sun ce ba su ji kiɗa ba, shi kuwa ba zai kama mutum da laifin da ba a samu ko mutum ɗaya da ya shaida aukuwarsa ba. A mayar masa da kayansa, ya yi aikinsa a gona, kada a mai da wurin dandali. Sannan ya ƙara da cewa cutar da aka yi wa Alhaji Nomau gaskiya ce, don haka daga gobe a kafa lasifika ɗaya a gonarsa.

Mutane suka yi ta yi mana barka. Ni har na fara shirya tsokanar da zan yi masa shekara guda. Amma a mota, muna komawa, na ga ya juyar da fuska waje, jitar a kan cinyarsa. Mun wuce rabin hanya kafin ya ce, "Ka gani ko? Sun sake ni don ba wanda yaj ji." Ban tsokane shi ba ranar. Ya koma fadama ya ƙarasa aikin, har a gonar Alhaji Nomau, wanda daga baya ya aiko masa da damin dawa daga ɗan abin da ya tsira. Shekarun da suka biyo baya, duk kaka in tsuntsu ya sauko, ana aiko masa daga ƙauyukan Zurmi har zuwa wajen Shinkafi, yana ɗaukar hutu ya tafi. Suka sa masa suna Mai Tsawa. Yana amsawa, amma na san hukuncin nan bai bar damunsa ba.

Sai wata rana, bayan 'yan shekaru, ya zo gidana da rana tsaka, abin da ba ya yi, yana ta murmushi. Ya ce alƙalin nan ya biyo ta gareji, wai motar da ta ɗauko shi zuwa Gusau ta yi zafi. Ana zuba mata ruwa, dattijon ya zauna a benci, suka gaisa, suka yi maganar damina. Da zai tashi sai ya ce, ba tare da ya dube shi ba, "Wurin ga da tas sauka ƙasa-ƙasa kamin ta tashi, wa ar rasu gare ka?" Lawali ya ce mahaifiyarsa. Gaskiya ne, bayan rasuwar Goggo ya haɗa wannan salon, kuma ko ni bai taɓa gaya wa ba. Dattijon ya ce Allah ya jiƙanta, ya shiga mota.

Na yi shekaru ina juya wannan magana. Ke nan ya ji tun a kotu? In ya ji, me ya sa bai shaida ba da ya tambayi jama'a, ko kuwa alƙali ba ya zama shaida a shari'ar da ke gabansa, kuma ya san da haka ya jera tambayoyinsa yadda ya jera? Na tambayi wani abokina da ya karanta fiƙihu, ya ce malamai sun yi magana mai tsawo kan ko alƙali yana hukunci da abin da ya sani shi kaɗai, ya fara kawo mini bayani har na ɓace. Dattijon ya rasu ban samu na tambaye shi ba, kuma ina jin ko na tambaya shiru zai yi.

Lawali bai daɗe ba bayan haka. Ciwon hanta ne, ya kwanta daga ƙarshen damina, kafin a gama girbi ya tafi. Yana kwance aka aiko daga wani ƙauye cewa tsuntsu ya sauko, Balkisu ta ɓoye masa saƙon.

Yanzu nakan zauna in yi tunanin me zai ce da ya ga wannan zamani. Babbar 'yarsa, Rabi, malamar makaranta ce a Gusau, jitar tana wurinta, tsirkiyoyin sun yi tsatsa. Ita ta nuna mini a wayarta masu irin kiɗan babanta, a gaban taron da ya ninka kasuwar Shinkafi, kowa yana kaɗa kai kamar ƙadangare. Abin da ya tsallaka teku ya samo, ya yi shekaru yana yi shi kaɗai a bayan ƙofar gareji, yau yana cikin aljihun kowane yaro, kuma ba wanda ya damu. Ta nuna mini kuma samarin ƙetaren iyaka, na Nijar, da rawunansu da jitocinsu, suna zaga duniya. Ina jin da ya yi murna da su, sannan ya ce muryar jitarsu ta cika tsabta. Ko da zai sa nasa a waya? Ban sani ba. Kaset ɗaya tak ya taɓa naɗa, ya manta shi a gaban mota rana ta narkar da shi, bai kuma sake ba.

Abin da na fi tambayar kaina shi ne fadamar. Kowa ya san halin da ƙasar Zurmi da Shinkafi take ciki. Gonakin da muka tsaya a cikinsu, da yawa ba mai iya zuwa, waɗanda suka noma su suna zaune a garuruwa a gidajen dangi. Mutanen da suka saki gwangwani suna dariya ranar farko, yau in taya ta fashe a kasuwa sai kowa ya kwanta. Da Lawali yana nan, zai iya sauke hannu a kan tsirkiya a gaban mutanen da ƙara ta zame musu abin gudu? Ina zaton da ya naɗe ta da kansa, karo na biyu, ba tare da ya tambayi kowane malami ba. Wani lokaci kuma sai in ce a'a, wataƙila yanzu ne za a fi gane fushin da yake magana, don yanzu kowa yana da shi, linzamin ne babu.

Kwanakin baya na je tashar mota a nan Ƙaura zan aika saƙo, na tsaya sha wurin wata mai fura. Yarinya ce, ba za ta wuce talatin ba, da goyo a bayanta. Tana dama fura, goyon yana ƙananan kuka, sai ta fara jijjiga shi tana rera wani abu a hanci. Ludayin ya tsaya mini a hannu. Salon Lawali ne, yana sauka ƙasa-ƙasa, sannan ya tashi. Har da 'yan kalmomi an sa masa, na tsuntsu tashi ka bar mana dawa.

Na ce, "Ɗiyata, ina kika samo wagga waƙa?"

Ta ce su mutanen wajen Gurbin Bore ne, gudu ya kawo su. Ta ce, "Waƙar korar tsuntsu ta, Baba. Wurin innarmu nij ji ta. Ta garinmu ta tun kakanni."

Na ce mata ba tun kakanni ba ne. Na ce wani makanike ne mai sanƙo ya haɗa ta don mahaifiyarsa, da wata baƙar jita da ya zo da ita daga Turai, kuma ɗan'uwana ne. Ta dube ni yadda ake duban tsoho in ya fara ruɗewa, ta yi murmushi don kada ta kunyata ni, ta ce, "To, Baba. A ƙara nono?"

Na ce a ƙara. Ta ci gaba da rerawa, yaron ya yi barci.